Yadda Gigin Tsufa Ke Somawa, da Abin da Ke Hana Mu Ganinsa da Wuri

A mafi yawan gidajen Sakkwato, ba a yarda cewa wani abu ya sami ƙwaƙwalwar dattijo sai ranar da abin ya fito fili ta yadda ba zai rufu ba. Ko dai a tsinto shi a wata unguwa yana tambayar hanyar gidan da ya tsufa a cikinsa, ko kuma tsohuwa ta tara jama'a tana rantsuwa cewa matar ɗanta ce ke kwashe mata kuɗi. A ranar ce ake cewa ciwo ya kama shi, alhali kuwa ciwon ya daɗe yana tafiya sannu a hankali a gaban idon kowa, sau da yawa tsawon shekaru. Ba rashin kula ne ke hana mu gani ba. Kulawar ce da kanta, tare da kunya da girmama na gaba, suke lulluɓe alamomin farko, kuma a ganina duk maganar da za a yi kan gane wannan ciwo a ƙasarmu ba za ta yi amfani ba muddin ba a tsaya a kan wannan ba.

Gigin tsufa ciwo ne, ba tsufan kansa ba ne. Yana faruwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka riƙa lalacewa suna mutuwa, har abin ya taɓa tunani da magana da iya tsara al'amura da hali, ya kai matsayin da mutum ba ya iya gudanar da abin da ya saba yi da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan mutum miliyan 10 ne ke kamuwa duk shekara. Cutar Alzheimer, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus Alois Alzheimer da ya yi bayaninta a 1906, ita ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Adadin yana da yawa, amma duk da haka mafi yawan tsofaffi suna komawa ga Allah da hankalinsu cikakke, kuma kowa a cikinmu ya san ɗan shekara casa'in da har yau ake zuwa wurinsa neman shawara. Alƙur'ani ma da ya ambaci wannan hali, a aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, cewa ya yi daga cikin mutane akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani, kuma ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya nemi tsari daga hakan. Saboda haka cewar da muke yi «ai tsufa ne» ba ta bayyana komai, sai dai ta rufe ƙofar bincike.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a gwada mutum da kansa na da, ba da wani ba. Akwai wanda tun yana saurayi ba ya riƙe suna, wannan ba a ce masa komai don ya manta sunan jikansa na goma sha biyu. Haka nan tsufa na lafiya yana zuwa da jinkiri: dattijo zai nemi tabaransa, zai tsaya yana lalubo sunan wani tsohon abokinsa, can an jima sunan ya faɗo masa, ko kuma a ɗan tuna masa ya ce tabbas haka ne. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne abu ya shafe gaba ɗaya kamar bai taɓa faruwa ba. An zo an gaya masa rasuwar maƙwabci, ya yi salati, ya yi addu'a, har ya aika a yi masa ta'aziyya, sai da yamma ya tambayi lafiyar mamacin, kuma da aka tuna masa ya karɓi labarin sabo fil, ko ma ya yi faɗa cewa an ɓoye masa. Ko tsohuwa ta tambayi jikarta sau huɗu a zama ɗaya ko yaushe za a koma makaranta, kowace tambaya da muryar wadda ba ta taɓa yi ba. Maimaita tambaya irin wannan, da maimaita labari ɗaya ga mutum ɗaya a wuni ɗaya, suna cikin alamomin da suka fi saurin bayyana.

A nan ne iyalai da yawa ke yaudaruwa, domin wannan dattijo da ya manta abin da ya karya kumallo da shi zai iya zayyano maka zamanin Sardauna dalla-dalla, ya faɗi abin da ya gani a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya tuna farashin buhun gero kafin a sauya fam da sule zuwa naira a 1973, ya kuma karanta izu guda da ka bai yi tuntuɓe ba. Sai 'ya'yansa su ce wanda ke tuna abin da ya faru shekara sittin ai ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba. Amma haka cutar Alzheimer take. Takan fara ne da wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa wanda aikinsa shi ne karɓar sabon abu ya adana shi, yayin da abin da aka adana tun da daɗewa, musamman wanda aka maimaita dubban sau kamar karatu da gaisuwa, yake warwatse a wasu sassan da ciwon bai riga ya kai ba. Misalinsa rumbu ne wanda tsohon hatsinsa ke nan daram, amma bakin da ake zuba sabo ya toshe. Don haka ƙarfin tuna da ba hujja ba ne na lafiya, kuma tambayar da ta fi amfani ita ce ta abin da ya faru jiya da yau da safe.

Bayan mantuwa, sai a dubi aikin da mutum ya ƙware a kai. Ɗan kasuwar da ya yi rayuwarsa yana lissafi da ka a Tsohuwar Kasuwa ko a Kara, idan ya fara rikicewa wajen ba da canji, ko ya biya bashi sau biyu, ko ya ba da kaya bashi ya rasa wanda ya ba, to akwai abin dubawa. Matar da aka san ta da iya girki, idan ta fara zuba gishiri sau biyu, ko ta ɗora tukunya ta tafi ɗaki har ta ƙone ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ko ta tsaya a gaban kayan miya ta rasa da wanne za ta fara, ba ganda ba ce kuma ba gajiya ba ce kawai. Uwar adashin da ta riƙe zubin mata ashirin a kanta shekara da shekaru ba tare da an taɓa jin kanta da kowa ba, in ta fara rikita kwasa, ya kamata a fara tunanin lafiyarta kafin a fara zargin amanarta. Abin da ke lalacewa a nan shi ne iya jera matakai ɗaya bayan ɗaya da riƙe abu biyu a zuciya lokaci guda.

Salla tana buƙatar a yi maganarta da natsuwa. Rafkanuwa a cikinta ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ma shari'a ta tanadi ƙabli da ba'adi, kuma babu wanda ya wuce ya yi shakkar raka'a. Abin da ya bambanta shi ne dattijo ya sallame la'asar, bayan ɗan lokaci ya sake ɗaukar buta yana cewa bai yi ba, ko ya tashi tsakar dare ya sa kaya zai tafi masallaci yana zaton azahar ce, ko ya rikita jerin alwala, ko ya kasa gane alƙibla a ɗakin da ya daɗe yana salla a cikinsa. Sai dai a kiyaye, saboda yawan maimaitawa salla takan daɗe ba ta taɓu ba, musamman ga mai bin jam'i wanda sahu ke ɗauke da shi. Ganin mutum yana sallarsa daidai bai isa a kwantar da hankali ba idan sauran alamomin suna nan.

Magana ma tana sauyawa. Sunayen abubuwa na yau da kullum suna fara kuɓucewa, sai «abin nan» da «wancan abin» su yawaita a bakinsa, ya ce a miƙo masa abin alwala domin kalmar buta ta ɓace masa, ko ya soma zance ya tsaya a tsakiya ya rasa inda ya nufa. Wanda ya tashi da Fulatanci ko Zabarmanci kafin ya koyi Hausa yana iya fara komawa harshen ƙuruciyarsa ko da wanda yake magana da shi ba ya ji. Ta fuskar hanya kuwa, kafin a kai ga ɓacewa akwai 'yan alamu: ya daɗe bai dawo ba daga inda ya saba zuwa, ko ya ce wa ɗan kabu-kabu ya kai shi gida amma ya kasa yi masa kwatance, ko kuma ya daina fita gaba ɗaya ba tare da wani dalili ba. Wannan na ƙarshe ana yawan ɗaukarsa a matsayin natsuwar girma. Sau da yawa tsoro ne, domin mutumin ya lura da kansa cewa wani abu ba daidai yake ba, sai ya janye daga majalisa da ɗaurin aure da zaman makoki don kada a gane.

Alamar da ta fi kowace ɓarna a gidajenmu ita ce zargi. Tsoho ya ɓoye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa ko a cikin hula ko a aljihun wata rigar, ya manta ya ɓoye, ya nema ya rasa. Da yake ƙwaƙwalwarsa ba ta ajiye lokacin da ya ɓoye ɗin ba, a wurinsa babu wani bayani da ya rage sai cewa an ɗauka, kuma wanda zai zarga shi ne wanda ya fi shiga ɗakin, wato wanda ya fi yi masa hidima. Ta haka ne matar ɗa da ke wanke wa surukarta kaya tana kai mata abinci take zama ɓarauniya a bakinta, ko a doki 'yar riƙo a kan kuɗin da za a tsinta bayan mako guda a cikin kwanon goro. Maganar babba tana da nauyi a wurinmu, kuma ɗa ba ya son ya ƙaryata mahaifiyarsa, don haka sai a yarda da ita. Aure yana mutuwa a kan wannan, zumunci yana yankewa, kuma duk ɓangarorin biyu gaskiyarsu suke faɗa: ita tsohuwar ba ƙarya take yi ba, abin da ta yi imani da shi take faɗa, ita kuma wadda ake zargi ba ta ɗauki komai ba. Idan dattijon da ba a san shi da zargi ba ya fara cewa «an ɗauke min kuɗɗina» kusan kullum, ko ya fara tuhumar matarsa ta shekara hamsin da abin da hankali ba zai ɗauka ba, to kafin a kira taron sulhu a fara neman likita.

Ba kowane gigin tsufa ne ke farawa da mantuwa ba. Akwai wanda ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai saboda yawan masu hawan jini da ciwon suga da ba su san suna da shi ba, ko sun sani amma suna shan magani sai ranar da kai ya yi ciwo. Shi yakan zo ne mataki-mataki, mutum ya yi ƙasa bayan wata 'yar shanyewar ɓarin jiki, ya tsaya a haka watanni, sannan ya sake yin ƙasa, kuma abin da aka fi gani da farko shi ne nauyin tunani da jan ƙafa da saurin kuka ko fushi. Akwai wani nau'in da ke fara taɓa gaban ƙwaƙwalwa, wanda yakan kama mutum tun yana tsakanin shekara 45 da 65, inda hali ne ke fara lalacewa alhali tunawa tana nan: mai kunya ya koma faɗin maganar da ba ta dace ba a gaban surukai, mai tsimi ya koma watsa dukiya, mai tausayi ya daina damuwa da kowa. Akwai kuma nau'in da ke sa mutum ya riƙa ganin abin da babu shi, yawanci yara ƙanana ko dabbobi ko baƙi zaune a ɗaki, hankalinsa ya dawo garau da safe ya gushe da rana, jikinsa ya yi tauri, cikin barci kuma ya riƙa ihu yana kai duka.

Duk wanda ya san al'adarmu ya san fassarar da za a yi wa waɗannan. Wanda ke ganin mutanen da ba a gani, ko wanda halinsa ya juye, za a ce iska ce ko sammu. Abin da ke ƙara ƙarfafa wannan zato shi ne masu gigin tsufa da yawa sun fi rikicewa da almuru, daidai lokacin da haske ke raguwa gajiya kuma ta taru, sai tsohuwa ta ɗaure kayanta tana cewa «ku maishe ni gida» alhali tana tsakar gidanta, kuma wannan shi ne lokacin da aka saba danganta shi da fitowar aljanu. Ba na cikin masu cewa a bar addu'a, kuma babu likitan kirki da zai hana a yi wa marar lafiya tofi. Abin da nake ƙi shi ne a shafe shekara biyu ana yawo da tsoho daga wannan mai magani zuwa wancan, ana yi masa hayaƙi ana ɗura masa jiƙo, ba a taɓa auna jininsa ba. Mafi muni kuma shi ne abin da ke samun tsofaffin mata marasa gata, waɗanda idan suka ɓace aka same su a wata unguwa suna sambatu sai a ce mayu ne. Mai wannan ciwo yakan amsa duk abin da aka matsa masa da tambaya a kansa, don haka abin da ake kira amsa laifi a irin wannan hali ba komai ba ne illa alamar ciwon.

Yanzu a dubi yadda tsarin gidanmu ke ɓoye duk waɗannan. Da zarar uwa ta aurar da ɗa, an sauke mata girki. Da zarar uba ya manyanta, 'ya'ya sun karɓi shago da gona da cefane. Wannan alheri ne kuma haƙƙinsu ne, amma yana nufin an ɗauke musu ayyukan da za su nuna rauni tun da wuri, ba kamar tsohon da ke zaune shi kaɗai a Turai ba wanda kuskuren biyan kuɗin wuta zai tona shi cikin wata guda. Idan baƙo ya yi wa Inna tambaya ta yi jim, kafin ta buɗe baki 'yarta ta amsa mata. Idan Baba ya maimaita labari, ladabi ya hana a ce ya riga ya faɗa. Mantuwar suna ma tana da wurin ɓuya, tunda mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, jikoki kuma ana kiransu da «maigidana» da «kishiyata» da sauran sunayen wasa. Sannan ga gaisuwarmu mai tsawo wadda amsoshinta a shirye suke. Dattijon da ciwonsa ya yi nisa yana iya yin minti goma yana amsa ina kwana da ina gajiya da ina iyali ba tare da kuskure ɗaya ba, har ya haɗa da addu'a mai daɗi. Shi ya sa ɗan da ke aiki a Abuja ko Kaduna, wanda ke zuwa da salla ya durƙusa ya gaida mahaifinsa ya fita, zai rantse cewa Baba lafiyarsa lau, ya kuma ɗauki ƙorafin na gida a matsayin gajiya da hidima.

Waɗanda suka fi ganin gaskiyar lamarin su ne matan da ke wuni da tsohon: matarsa, 'yarsa, matar ɗansa, jikar da ke kwana ɗakin kaka. Su ne kuma maganarsu ta fi rashin nauyi a taron iyali, musamman matar ɗa, wadda in ta ce surukarta ta fara rikicewa za a ce ƙiyayya ce ta fito. Ina ganin babu gyaran da ya fi sauƙi kuma ya fi amfani kamar manyan gida su zauna su tambayi waɗannan mata abin da suke gani, su kuma saurara ba tare da neman mai laifi ba.

Dalili mafi ƙarfi na zuwa asibiti da wuri shi ne ba duk rikicewa ce gigin tsufa ba, kuma wasu masu kama da shi suna warkewa. Babban abin rarrabewa shi ne sauri. Gigin tsufa yana ɗaukar watanni da shekaru, amma idan tsoho yana lafiya shekaranjiya yau kuma bai san inda yake ba, yana barci-barci ko yana fizge-fizge, wannan ciwo ne na gaggawa da ke iya kisa, kuma a ranar ake kai shi asibiti. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi, haka ciwon huhu da ciwon mafitsara da riƙewar fitsari, haka faɗuwar suga ga mai shan maganinsa, haka ƙarancin ruwa a jiki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Sakkwato, inda zafin Maris da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga shi tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa, kuma da yawansu ba sa yarda su ajiye azumi ko da shari'a ta yi musu rangwame. Karkacewar baki ko mutuwar hannu ko sarƙewar harshe farat ɗaya su ma ba a kwana da su a gida.

Akwai kuma masu zuwa a hankali waɗanda suke da magani. Ƙarancin bitamin B12 da raunin aikin ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo duk suna dushe tunani, kuma gwajin jini ne ke nuna su. Magungunan barci da na mura masu sa gyangyaɗi da masu kashe zafin ciwo masu ƙarfi, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna rikita tsoho fiye da yadda ake zato. Faɗuwa a banɗaki ko daga kan babur tana iya sa jini ya riƙa taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni mutum ya fara rikicewa lokacin da kowa ya manta da faɗuwar, kuma wannan aiki ake yi a cire jinin, irin aikin da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke yi a nan cikin gari. Ciwon damuwa, musamman bayan rasuwar abokin zama, yana sa tsoho ya yi shiru ya daina ci ya riƙa cewa bai sani ba ga kowace tambaya. Kurumta da yanar ido kuwa suna sa a zaci mutum ya manta abin da tun farko bai ji ba ko bai gani ba.

Idan za a je, a fara da likita na gama-gari a asibitin koyarwa ko Asibitin Ƙwararru ko babban asibitin ƙaramar hukuma, shi zai tura gaba in da buƙata. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kware yana da likitocin da wannan fanninsu ne, kuma bai kamata tsoron abin da mutane za su ce ya hana a kai uba can ba. A tafi da wanda ke zaune da marar lafiyar, ba wanda ya fi kuɗi ko ya fi jin Turanci kaɗai ba. A zuba duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, a tafi da su. A kuma rubuta abubuwan da aka lura da su da lokacin da suka fara, domin a gaban likita tsoho yakan tattaro ƙarfinsa ya amsa da kyau, 'ya'ya kuma kunya ta hana su gyara masa.

Gwajin da ake yi ma yana da nasa tarko. Tambayoyin da aka tsara a Turai suna neman mutum ya faɗi kwanan wata da shekara ta Bature, ya rubuta jimla, ya zana agogo, kuma malamin da ya haddace Alƙur'ani amma bai yi boko ba zai iya faɗuwa wannan gwaji yana da cikakken hankali. Likitocin Najeriya sun daɗe da gane haka. A binciken haɗin gwiwa da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, wanda Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi suka yi aiki a cikinsa, an yi amfani da gwajin da ke haɗa tambayar tsohon da tambayar wani na kusa da shi, daga baya kuma aka fito da gwajin jera tsinken ashana a madadin zane da alƙalami. Iyali suna da damar gaya wa likita cewa mahaifinsu da watan Musulunci da ranakun kasuwa da lokutan salla yake lissafi. Wannan binciken ya kuma gano cewa a tsakanin masu shekara 65 zuwa sama, ciwon ya kama kimanin kashi 2 cikin ɗari a Ibadan, amma kimanin kashi 8 a tsakanin baƙaƙen fatar Indianapolis, abin da ya sa masu binciken suka yi hasashen cewa yanayin rayuwa da lafiyar jijiyoyin jini suna da babban tasiri. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ƙarfafa wannan a 2024, inda ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu ciwon, ciki har da hawan jini da ciwon suga da shan taba da kurumta da raunin gani da kaɗaici.

Idan bincike ya tabbatar gigin tsufa ne, gaskiyar ita ce har yau babu maganin da ke warkar da shi. Akwai irin su donepezil da memantine da ke ɗan sassauta alamomi na wani lokaci ga wasu, kuma sababbin alluran da aka amince da su a Amurka a 2023 da 2024 rage saurin ciwon kawai suke yi, ga masu matakin farko, da tsadar da ta fi ƙarfin kusan kowa. Duk mai tallar maganin da ya ce yana dawo da ƙwaƙwalwar tsoho, kuɗinku yake so. Amma riƙe hawan jini da suga yadda ya kamata yana iya hana ƙarin lalacewa, gyara ido da kunne yana rage rikicewa, sanin sunan ciwon kuma yana wanke wadda ake zargi da sata, yana sa a daina gardama da tsoho a kan abin da ba zai iya tunawa ba.

Akwai wata riba da ba ta da alaƙa da magani, wadda kuma lokacinta gajere ne. A matakin farko mutum yana da sauran hankalin da zai faɗi wanda yake bi bashi da wanda ke binsa, da amanar marayu ko ta abokan ciniki da ke hannunsa, da iyakokin gonaki da inda takardun fili suke, da wasiyyar da yake son yi a cikin sulusin dukiyarsa, da wanda ya yarda ya riƙe masa katin banki da lamarin fansho. Dattawanmu da yawa a ka suke riƙe waɗannan, kuma idan aka jira sai ciwo ya yi nisa, abin da zai rage shi ne jayayya a gaban alƙali kan ko yana cikin hayyacinsa lokacin da ya sayar ko ya yi kyauta ko ya furta saki. A yi wannan zama da shaidu, a rubuta, a kuma nemi malami ya yi wa iyali bayanin hukuncin salla da azumin wanda hankalinsa ke zuwa yana tafiya, don kada a riƙa tilasta masa abin da Allah ya ɗauke masa. A daidai wannan lokaci ne kuma ake duba batun tuƙi da murhun gas, a sanar da liman da mai shagon bakin layi da 'yan kabu-kabun unguwa, a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu, maimakon a kulle shi a ɗaki.

Abin da ya fi wuya shi ne buɗe maganar da shi kansa. Babu ɗan da zai iya duban mahaifinsa ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fara taɓuwa, kuma ba a buƙatar hakan. Ya isa a ce, «Baba, mu tai asibiti a auna jini, an daɗe ba a duba ba,» wanda gaskiya ne domin za a auna ɗin, sannan a sami likitan a gefe a gaya masa sauran. Idan ya ƙi, a bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko ƙaninsa ko babbar 'yarsa. Wani lokaci likita zai ce akwai ɗan rauni amma bai kai a kira shi gigin tsufa ba, kuma irin waɗannan wasu suna tsayawa a haka, wasu suna farfaɗowa, wasu kuma ciwon yana bayyana daga baya. A irin wannan hali a ci gaba da rubuta abin da ake gani a gida, a koma wurin likitan bayan wata shida ko shekara guda da takardar a hannu, domin da ita zai gwada yau da jiya.